Waƙar da Na Yi wa Kunnen Hagu

Ni ba mawaƙiya ba ce, gara in faɗa tun da fari kada wani ya ɗauka ina da makaɗa da 'yan amshi. Matar gida ce ni a nan Madarumfa, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma in ba biki ko gaisuwa ba, sai in yi sati ban leƙa ƙofar gida ba. Lakkwal, makarantar boko ke nan, aji uku na yi aka fidda ni, ko in ce na fidda kaina. Rubutun nan ma da ƙyar nake jan shi, bik, wato biro, na gudu ina bin shi. Amma Allah ya ba ni kunne. In mai tallar fura ta wuce bayan katangarmu, gobe sai in maimaita muryarta har inda numfashinta yake yankewa. Kuma tun ina yarinya, in na kama taɓarya, magana takan zo mini a jere, tana sauka daidai inda taɓarya take sauka. Ban taɓa kiranta waƙa ba. Abin rage aiki ne.

Kakannina na wajen uba su suka raine ni. Babana ya rasu ina goye, uwata ta sake aure can Gabi, aka bar ni hannunsu. Shi muna ce mishi Baba Tsoho, ita kuma Kaka. Da na yi aure ban yi nisa ba, lungu ɗaya ne tsakanin gidan mijina da nasu, in Kaka ta ƙona miya ni nake fara sani. Baba Tsoho masunci ne a tabki tun yana saurayi. Da ƙarfi ya ja baya ya koma lambu, da lambu ya gagara ya koma tabarma gindin dogonyaro. Ita kuwa Kaka bandar kifi ta yi har idonta ya gaji da hayaƙi.

Kunnen Baba Tsoho na dama ya daɗe da mutuwa, duk mun saba, in za ka yi mishi magana sai ka zagaya hagu. Shekarar da nake ba da labari, bayan an gama yankan gero, na kai mishi kunu da hantsi. Na yi sallama sau uku ta hagun, yana zaune ido biyu yana jan carbi, bai juyo ba. Sai da inuwata ta faɗa kan tabarmar ya ɗago.

Ya ce, "Amarya, yaushe kika koyi shigowa kamar mage?"

Na yi dariya, amma na gane na hagun ma ya fara tafiya. Mijina ya samo amalanke muka kai shi gidan likita. Lokotoro ya leƙa, ya wanke kunnen, ya ce ba datti ba ne, shekaru ne, kuma abin da ya rage zai riƙa tafiya a hankali. Na tambaye shi wata nawa. Ya ce wannan sai Allah.

A hanyar dawowa, jaki na tafiya, ni ina kallon ƙeyar tsohon nan, sai na tuna na yi wa akuyar maƙwabta waƙa da ta ci mini tunkuza. Na yi wa moton mijina waƙa, babur ɗin nan wanda ba ya tashi sai an tura. Mutanen da suka tauna abinci suka sa mini a baki kuwa, ko baiti ɗaya ban taɓa yi musu ba. Kafin mu iso gida na riga na ƙudura: zan yi musu waƙa, kuma sai ta shiga kunnen nan na hagu kafin ya rufe. Ban gaya wa kowa ba sai maƙwabciyata, wadda muke daka tare kullum.

Na ce wa kaina wannan ba ta akuya ba ce, dole ta zama waƙa ta gaske, irin ta rediyo, mai sanyi, mai sa mutum ya yi shiru. Na daina yinta a bakin turmi, don ina ganin turmi zai rage mata daraja. Sai in shiga ɗaki in zauna bakin gado, in ja murya sama siririya. Da yake rubutuna ba ya riƙe gudun magana, duk baitin da ya zo sai in danna portabul, wato wayata, in rera a ciki. Sati uku ina wannan. Ga kaɗan daga abin da ya fito:

Masu raino sun tsufa,
Bangon gidanmu ya jingina,
In kun tafi wa zan kira,
Wa zai share mini hawaye?

Na rera wa maƙwabciyata, ta yi kuka har da majina. Na ce alhamdulillahi, waƙa ta yi.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na ɗaura zanena mai kyau na je. Kaka na tsinkar zogale a faifai, Baba Tsoho na kan tabarma. Na zauna ta hagunsa, na ce yau na zo muku da wani abu. Na rufe ido na fara. Kafin in kai rabi hawaye sun zubo mini. Da na buɗe ido, Kaka ta daina tsinka, ta ƙura mini ido. Shi kuwa Baba Tsoho bakina yake kallo, da hawayen, ya ajiye carbinsa.

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya rasu?"

Kaka ta matso ta ɗaga murya. "Mu ne! Ni da kai! Ga ta nan ta zo gaisuwa!"

"Wa?"

"Na ce mun mutu, Malam, ba a dai gaya maka ba!" Ta juyo kaina. "Ƙawa, kin taho da likkafanin, ko sai an aika Maraɗi?"

Na ce, "Haba Kaka, yabonku fa nake yi."

"Yabo? Ke jika ce ko maroƙiya? Tashi ki ba ni wuri, kin sa mini zogale ya yi ɗaci."

Da wasa ta faɗa, amma na san fuskarta. Ta ji kunya, kuma ranta ya sosu. Na tashi na koma gida, ko sallama ban yi ba. Mijina ya tambaye ni yadda aka yi, na gaya mishi, ya yi dariya har ya ƙware da ruwa. Kwana biyu ban yi mishi magana mai daɗi ba.

A kwana biyun nan ina matsar mai ina juya abin. Na ga kuskure biyu na yi, ba ɗaya ba. Na farko, kalma ko ɗaya ba ta shiga kunnen Baba Tsoho ba, hawayena kawai ya gani. Na biyu shi ya fi ba ni haushi, don abu ne da na sani tun ban iya ɗaura zane ba. A wurinmu jika ba ya yabon kakansa a gabansa. Tsiya ce tsakaninsu. Tun ina rarrafe Baba Tsoho yake ce mini amarya, wai mummunar amarya aka kawo mishi, wadda ba ta iya tuwo ba, zai mayar da ni gidanmu. Ni kuma in ce wa zai zauna da ango mai furfura. Kaka ta ce da ni ƙawa, ta ce hancina kamar an taka tumatir. Duk raino da suka yi mini, ban taɓa jin ɗayansu ya gaya mini magana mai zaƙi ba, ni ma ban gaya musu ba, kuma ba wanda ya rasa komai. Maganar zaƙi ta baƙo ce, ko ta wanda aka riga aka kai makwanci. Ni na je gidan da aka raine ni na zauna kamar baƙuwa, na lissafa musu alherinsu a fuska.

Na buɗe portabul na goge waƙar gaba ɗaya. Maƙwabciyata ta ce ai da na bar ta, ta yi daɗi. Na ce ta yi miki daɗi don ba kakanninki ba ne.

Daga nan na sake dabara. Kullum da hantsi sai in ɗauki kwaryar gyaɗa in je gidansu in zauna ɓara. Ban ce komai game da waƙa ba, Kaka ma ba ta tayar ba. Ni da ake cewa bakina ba ya hutawa, na kame shi, na saki kunne.

Ashe waƙar tana nan zube a tsakar gidan. Baba Tsoho ba shi da haƙori ko ɗaya, amma ba ya rabuwa da goro, sai Kaka ta goga mishi a marfin gwangwani da ta huhhuda da ƙusa. Tana gogawa tana mita: ita ba baiwar kowa ba ce, gobe ya nemi wata. Gobe kuma tun bai tambaya ba ta ɗauko marfin. Sukari kuwa tana ɓoye shi ƙasan kwalla, ƙarƙashin tsofaffin zannuwa, wai don yana sata. Shi kuma ya san wurin sarai. Akwai wata tarwaɗa da ya taɓa kamawa, wadda duk baƙon da ya zo sai ya ji labarinta. Ina yarinya tsawonta kamu biyu ne. Yanzu in ya buɗe hannuwa sai sun ƙare, ya ce har da saura.

Wata rana yana cikin labarin jarumtarsa a ruwa, Kaka ta karkato ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Ƙyale shi. Shekarar da aka kawo ni, kwaɗo ya faɗo mishi cikin riga a bakin tabki, sai da ya yar da tarunsa ya hau tudu."

Baba Tsoho ya ce, "Me kika ce?"

Na dube shi. Ɗazu ta yi ta kwarara mishi kira ya zo ya ci abinci, bai ji ba. Yanzu ta yi gunaguni can cikin maƙoshi, ya ji motsin magana. Daga ranar na fara lura da abin da yake ji da wanda ba ya ji. Kukan 'yan tsaki ba ya ji. Muryata in na ɗaga, ba ya ji. Amma in jaki ya yi kuka a lungu sai ya juya. In ana daka a maƙwabta, na ga yatsansa na bin taɓarya a kan gwiwa. In mijina ya gaishe shi, shi da muryarsa take kamar daga cikin rijiya, sai ya amsa daidai. Wato siririn sauti ne ya fara barinsa, mai kauri yana nan tukuna. Ni kuwa na je na ja mishi murya kamar sauro.

To, sai na koma bakin turmi, inda ya kamata in fara tun farko. Na gajarta baitoci, kowane layi ya ƙare da saukar taɓarya, a bar fili kafin na gaba, don kunnen tsoho ba ya son a tura mishi magana a cunkushe. Sannan na shiga koyon sauke murya. Wannan shi ya fi ba ni wuya. Allah bai ba ni muryar ƙirji ba. Sai in kifa kai cikin tsohuwar randa da ba ruwa, in rera, in ji inda take amsawa, in ƙara sauka. Maƙogwarona ya yi ta ciwo, ina shan ruwan ɗumi da citta. Wata rana mijina ya dawo daga kasuwa ya tsaya a zaure ya ce, "Wane ƙato ne a gidana?" Na fito da kai daga randa na ce, "Shigo ku gaisa."

Akwai baiti ɗaya da ya tsaya mini a wuya. Na yi shi a kan babana, yadda suka rasa ɗa suka samu ɗiya. A ganina shi ya fi duka kyau. Amma babana ɗan fari ne, kuma Kaka ba ta taɓa kama sunansa ba, yana raye ko bayan ransa. In zancensa ya taso sai ta tashi ta shiga ɗaki ta ce za ta duba wani abu. Na yi kwanaki ina neman hanyar da zan lallaɓa baitin ya shiga, na sake mishi kalmomi, na ɓoye shi tsakiya. Daga baya na ga ko ta ina na biyo, tashi za ta yi, kuma in ta tashi waƙa ta watse. Na cire shi. Yana nan a portabul, ni kaɗai nake ji.

Ina cikin wannan gyare-gyare, wata safiya Kaka ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Angonki ya daina jin kiran salla. Yanzu sai na taɓa mishi ƙafa."

Masallacin nan ba shi da nisa da su. Na ajiye gyaɗar da ke hannuna. A raina ina son baiti bakwai, huɗu kawai nake da su, na huɗun ma bai zauna ba. Na ce ko uku ne gobe za a yi. Na je na gaya wa maƙwabciyata ta shirya, ita za ta yi daka ta yi amshi. Ta ce in Kaka ta kore mu fa? Na ce in ta kore mu ta ƙofa, sai mu tsaya a lungu mu yi.

Washegari da hantsi muka mirgino turmina har tsakar gidansu, da gero a ciki. Ban sake zane ba, da na aikina na je, duk mai. Kaka ta ce, "Turmin gidan nan ya mutu ne shi ma?" Na ce, "Naki ya tsufa kamar mai shi." Ta ce, "Ja'ira." Na ji daɗin wannan zagin, na san mun shirya.

Muka girke turmin kusa da tabarma. Maƙwabciyata ta fara daka a hankali. Na jira sai da na ga yatsan Baba Tsoho ya kama bin taɓarya, sannan na durƙusa ta hagunsa, na kai bakina dab da kunnen, na sauke murya har ƙasa.

Angona, angona,
Ba haƙori, sai baki,
Goro sai an goga,
Tuwo sai an dama.

Maƙwabciyata ta amsa: Tsoho, tashi mu je tabki.

Fuskarsa ba ta motsa ba. Yana kallon gabansa kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Na ce a raina na makara. Muryata ta so ta haura sama don tsoro, na danne ta, na shiga na biyu.

Tarwaɗar angona,
Bara kamu biyu ce,
Bana ta fi tabarma,
Baɗi sai amalanke.

Nan na ga gefen bakinsa ya ɗan ja. Ban yarda ba tukuna, don tsoho yakan yi murmushi ko bai ji ba, don kada a gane. Na ci gaba.

Wai shi ne sarkin ruwa,
Kowa ya kauce mishi,
Kwaɗo ya shiga riga,
Sarki ya hau tudu.

Sai ya cafke mini wuyan hannu. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Ƙarya ne! Wallahi ƙarya ne! Ba kwaɗo ba ne, maciji ne! Wa ya gaya miki kwaɗo?" Ya juya yana neman Kaka. "Ke ce! Shekara nawa kina yawo da zancen nan!"

Kaka ta ce, "Macijin da ke tsalle yana kuka da damina?"

Maƙwabciyata ta kasa riƙe taɓarya don dariya. Ni kuwa ina durƙushe, hannuna a cikin nasa, ban iya dariyar ba, ban kuma yarda na yi kuka ba, don na ga abin da kuka ya jawo mini wancan karon. Na ce, "Saki hannuna, tsoho, ban gama ba. Saura na matarka."

"Yawwa," in ji shi. "Yi mata. Ki yi mata da kyau." Ya miƙo kunnen da kansa.

Tsohuwa mai kwalla,
Sukari na can ƙasa,
Wai ba ta son shi, ba ta son shi,
In ya yi tari, ga ta da moɗa.

Ya yi dariya har dasashi ya fito, yana buga cinya. Kaka ta ce ba ta ga abin dariya ba, kuma layin nan na uku ya yi tsawo, ya wuce taɓarya, ko waƙar ma ban iya ba. Gaskiyarta, ya wuce. Ta ce in bar "ba ta son shi" guda ɗaya. Na gwada, ya zauna daram. Da muka sake daga farko, sai na ji amshi ya zama murya biyu. Ban juya ba, don na san in na dube ta za ta daina.

Sau huɗu ya sa na maimaita ranar, geron nan ya daku har ya wuce misali. Bayan nan kullum na je sai ya ce, "Amarya, zo ki zage ni." In durƙusa in rera. Na ƙara baiti biyu daga baya, amma na biyar kawai ya samu, shi ma rabi-rabi. Kafin ruwan farko ya sauka kunnen ya rufe. Na gane ne ranar da na kai wurin kwaɗo bai ce maciji ba ne.

Yana nan da ransa, yana cin goronsa. Abin da ban sani ba, ashe duk kwanakin nan da yake miƙo mini kunne, shi ma yana ɗinka tasa. Wata safiya na shigo da kunu, yana ganina sai ya gyara zama, ya buɗe murya, irin ta wanda ba ya jin kansa, har lungu ana ji:

Amaryar da na sa a jirgi,
Ta yi kuka, kifi ya watse,
Ta jiƙa mini wando,
Ta ce wai ruwan tabki ne.

Mata suka leƙo ta katanga suna shewa. Kaka ta ce wannan kam gaskiya ne, ita ta wanke wandon. Na buɗe baki in rama, amsa ta zo mini nan take, mai zafi, har da inda taɓarya za ta sauka. Ya dube ni, ya nuna kunnensa da yatsa, ya girgiza kai, yana dariya.

Yanzu kusan kullum sai ya yi mini ita, wani lokacin da sabon baiti, kuma yaran lungu duk sun haddace. Ni dai in ajiye kunu in zauna in sha zagi.